Yadda Ake Gano Abin da Ke Sa Photoshop da Lightroom Jan Ƙafa a Sabuwar Laftof

Kwanakin baya wani yaro da ya koyi ɗaukar hoto a wajena ya taso tun daga Rigasa da laftof a cikin kwalinta, ko ledar allon bai ɓare ba. Bai gama gaisuwa ba ya ce, "Oga, an cuce ni. Sabuwa ce dal, amma in na ja buroshi a fuskar amarya sai na ƙirga uku kafin ya biyo hannuna." Ya riga ya yanke shawarar mayar da ita, ga hotunan kamu da na walima sama da 600 suna jiransa, dangin ango kuma sai kira suke yi. Na ce ya ja kujera. Kafin a kira la'asar na'urar ta warware, bai kashe ko kwabo ba. Ba kowa ke yin irin wannan sa'ar ba, akwai wanda sai ya ƙara RAM, wato wurin da na'ura ke riƙe aikin da take yi a lokacin, akwai wanda gaskiya kayan ne ba su kai ba. Amma hanyar binciken ɗaya ce, ita nake bi duk lokacin da aka kawo mini irin wannan kuka. Bayanin na masu Windows ne, don su suka fi yawa a shagunanmu.

Abin da za ka tanada

Cajar da ta zo da laftof ɗin, ita kanta, ba ta aro ba. Wuta mai tsayawa ta aƙalla awa 3, ko janareta ko sola. Data mai ɗan yawa, ka ƙiyasta giga 5 zuwa sama, domin akwai saukar da abubuwa. Hotuna 50 na aiki ɗaya, irin waɗanda ka saba gyarawa. Agogon wayarka mai ƙirga daƙiƙa, da biro da takarda. Sai ƙananan manhajoji guda biyu na kyauta: HWiNFO mai nuna zafin na'ura, da CrystalDiskInfo mai nuna lafiyar ma'ajiya, wato inda fayiloli ke zama a cikin laftof. In babu datar sauke su, kada hakan ya tsayar da kai, Task Manager da ke cikin Windows zai yi yawancin aikin.

Kafin ka taɓa komai, kwafi hotunan mutane zuwa wani wuri na daban. Hoton ɗaurin aure ba a sake ɗaukarsa.

1. Auna nauyin da agogo

"Tana nauyi" ba bayani ba ne. Zaɓi ayyuka 3 ka ƙirga lokacinsu: daƙiƙa nawa manhajar Photoshop ko Lightroom ke ɗauka kafin ta buɗe, nawa hoto ɗaya ke ɗauka kafin ya fito tangaran in ka zuƙo shi, nawa fitar da hotuna 50 zuwa JPEG ke ci. Rubuta. Bayan kowane mataki ka sake wannan awon. Kuskuren da na fi gani shi ne mutum ya canza abu 10 a zama ɗaya, in ta gyaru bai san me ya gyara ta ba, in ta ƙara lalacewa bai san inda zai koma ba. Abu ɗaya, awo ɗaya.

2. Tabbatar da abin da ka saya

Danna Ctrl da Shift da Esc tare, Task Manager zai buɗe. Shiga Performance. Nan za ka ga sunan firosesa, yawan RAM, irin ma'ajiya da katin girafik, ba abin da aka manna a jikin laftof ba.

Ka lura da lambar da ke bayan i5 ko i7, ita ce magana. Misali i5-6200U ɗan zubi na 6 ne, na 2015, ƙwaƙwalwarsa 2 kacal. Shi kuwa i5-8250U da ya biyo baya a 2017 yana da 4. Don haka tsohon i7 na iya shan kashi a hannun sabon i5. Ba girin-girin ba, ta yi mai. In kuwa ka ga Celeron da RAM giga 4, to laftof ɗin sabuwa ce da gaske, amma don rubutu da kallo aka ƙera ta. Adobe, kamfanin da ke yin Photoshop da Lightroom, da kansu sun ce Photoshop na buƙatar aƙalla giga 8, sun kuma fi son 16.

Sannan buɗe CrystalDiskInfo ka dubi Power On Hours, wato awannin da ma'ajiyar ta yi a kunne tun da aka ƙera ta. In an ce maka sabuwa ce amma ka ga dubban awanni, ta hannu ce aka goge aka sa a kwali. Ta hannu ba laifi ba ce, da yawanmu da ita muka fara, amma ka san abin da ka riƙe kafin wa'adin mayarwa ya wuce.

3. Bar ta ta gama hidimar sabunta

Wannan ne ya fi kama mutane, kuma maganinsa haƙuri ne kawai. Kwanakin farko na sabuwar laftof, Windows na can a ɓoye yana sauke gyare-gyaren watannin da ta yi a kwali, yana jera sunayen fayiloli don bincike, anti-bairos yana caje kowane lungu. Kai kuma ka ɗora mata hotuna 600 a kai.

Je Settings, Windows Update, ka danna neman sabuntawa. In ya gama ka yi Restart, ka sake nema, har sai ya ce babu saura. Restart nake nufi, ba Shut down ba. A yawancin laftof, Shut down ba ya kashe Windows gaba ɗaya, yana ajiye wani ɓangare don ta yi saurin tashi. Restart ne ke wanke ta tas.

Daga nan shiga Startup apps a Task Manager ka kashe duk abin da ba ka buƙatar ya tashi da kansa. In laftof ta zo da anti-bairos na gwaji, cire shi, wanda ke cikin Windows ya isa. Biyu a na'ura ɗaya kamar 'yan sintiri biyu ne a ƙofa ɗaya, kowa sai ya caje jakarka. Ka kuma duba OneDrive. Sau da yawa yana kama folda ta Desktop da ta Pictures tun ranar farko, duk hoton da ka zuba sai ya fara tura shi intanet, ga nauyi ga cin data. In ba ka so, dakatar da shi ko ka ajiye aikinka a wata folda da ba ya gani.

In datarka ba ta kai ba, sa Metered connection a kan layin da kake amfani da shi, ka dakatar da sabuntawar na mako guda har ka miƙa aikin da ke hannunka. Amma ka dawo ka yi ta.

4. Kama ɓarawon yana cikin sata

Yanzu buɗe Task Manager a gefe, ka koma manhajar ka yi ainihin abin da ke sa ta tsayawa. Idonka na kan abubuwa 4.

In Memory ya haura kashi 90 cikin 100 ya zauna can, RAM ne ya cika. In Disk ya maƙale a 100, ma'ajiya ce ta gaza, ko kuma cikar RAM ɗin ce ta sa ake ta zuba kaya a kanta. In CPU na 100 lokacin fitar da hotuna, wannan ba ciwo ba ne, aikinsa yake yi. Abin dubawa shi ne Speed da ke ƙasansa: firosesar da ya kamata ya haura 3 GHz in ka gan shi a maƙale ƙasa da 1 GHz, wani abu ne ya shaƙe shi, ko caja ko zafi. In kuma kana da GPU 0 da GPU 1, wato katin girafik biyu, na biyun yana kwance a sifili kana aiki, to katin da ka biya kuɗinsa barci yake yi.

Sai ka koma Processes ka danna kan CPU don ya jera su daga mai ci da yawa. Wani lokaci Chrome ne da shafuka 30 a buɗe. Wani lokaci kuma suna ne da ba ka sani ba yana cin rabin ƙarfin na'ura alhali ba ka buɗe komai ba. A nan zan faɗi gaskiya ko da ba daɗi: manhajar sata da ake zuba wa mutane daga filashi takan zo da baƙi, har da masu haƙar kuɗin kirifto da firosesarka. In kuɗin rajistar Adobe ya fi ƙarfinka a yanzu, Canon na ba da Digital Photo Professional kyauta, Nikon na da NX Studio, ga GIMP da darktable.

5. Wuta da caja

Abin da ya fi damun laftof ɗin yaron nan ke nan. An ɗauke wuta a unguwarsu, ya zauna yana gyara da batir. Laftof in tana kan batir takan rage ƙarfinta da gangan don ta daɗe, katin girafik ma ya ja baya. Jona caja, je Settings, System, Power & battery, ka mayar da Power mode zuwa Best performance. Ka tabbata Battery saver, ko Energy saver a sabon Windows 11, a kashe yake. In kamfanin laftof ɗin ya sa tasa manhajar mai zaɓin shiru ko sanyi ko ƙarfi, ita ma mayar da ita kan ƙarfi.

Juya cajar ka karanta wat nawa aka rubuta. Laftof mai buƙatar 130W in ka ba ta cajar 65W za ta kunnu, har ta nuna tana caji, amma ba za ta saki jiki ba. Cajojin Dell da HP masu zagayen baki suna da wata siririyar allura a tsakiya, ta nan laftof ke gane ƙarfin cajar. In allurar ta karye ko cajar jabu ce, na'urar na iya rage gudun firosesa ƙwarai. Leƙa bakin da fitilar waya. In kana zargi, ari cajar asali irin taka ka gwada kafin ka sayi wata.

6. Tashi katin girafik daga barci

Laftof mai kati biyu takan ba manhaja ƙaramin don tattalin batir. Je Settings, System, Display, Graphics. Nemo Photoshop ko Lightroom, in babu ka ƙara shi, ka zaɓi High performance. Rufe manhajar ka sake buɗewa.

Sannan direba, wato manhajar da ke sa Windows ya iya aiki da katin. Wadda ta zo da laftof ta iya kwana biyu. In katinka NVIDIA ne, sauke Studio Driver daga shafinsu, ita aka tanada don masu irin aikinmu. In Intel ne ko AMD, fara da shafin kamfanin da ya ƙera laftof ɗin. Ka guji manhajojin nan masu alkawarin sabunta maka duk direbobi da dannawa ɗaya.

A Photoshop danna Ctrl da K, shiga Performance, ka ga ko an sa alama a Use Graphics Processor kuma sunan babban katin ne a rubuce. Akwai gwajin da nake yi in hoto na ƙyaftawa ko allo na yin baƙi: in cire alamar, in sake buɗe manhajar. In matsalar ta tafi, na san direba ce. In katin Intel kaɗai gare ka, ba abin damuwa ba ne, yana aikin hoton biki lafiya muddin RAM ya wadata.

7. Ina hotunan suke zaune?

Kada ka gyara hoto kai tsaye daga katin kyamara ko filashi. Kwafe su cikin laftof tukuna. Tsohuwar ƙofar USB 2.0 ba ta wuce mega 35 zuwa 40 a daƙiƙa, ma'ajiya mai juyawa takan ba da wajen 100, SSD, wato ma'ajiya marar juyawa, na SATA wajen 500, na NVMe kuwa dubbai. Hoton RAW ɗaya, wato ɗanyen fayil, na kyamara mai megafiksel 24 yakan kai mega 25 zuwa 30. Ka lissafa 600 da kanka.

Dokata ita ce aikin da nake kai yana kan SSD na ciki, wanda na gama ya koma ma'ajiyar waje. Kuma kada C, wato ma'ajiyar da Windows ke kai, ta cika. Ka bar mata aƙalla giga 50 fili, domin nan Photoshop ke shanya kayansa in RAM ya cika. In SSD ɗinka 256 ne kuma ya matse, sayi SSD na waje ka jona a ƙofa mai shuɗin baki ko ta USB-C.

8. Saitin Photoshop

Ctrl da K, Performance. Photoshop na ɗaukar kashi 70 na RAM tun daga farko. Kana iya kai shi 80 in shi kaɗai kake buɗewa. Kada ka kai shi 100, Windows ma na son abin numfashi, in ka hana shi komai zai tsaya. History States, wato yawan matakan da za ka iya komawa baya, yana kan 50, mai giga 8 ya rage shi zuwa 20. A Scratch Disks sa alama a SSD mafi sauri mai fili, ban da filashi.

Akwai wani ɗan ma'auni da mutane da yawa ba su san da shi ba. A ƙasan hoton da ka buɗe, wajen da ake nuna girmansa, danna 'yar kibiyar ka zaɓi Efficiency. Muddin yana 100, RAM na ɗauke da aikin. In yana faɗowa ƙasa da 90, Photoshop ya koma kan ma'ajiya, nan nauyin yake. Rufe hotunan da ba ka aiki a kansu, ka yi Edit, Purge, All. Ka sani Purge na share hanyar komawa baya, don haka sai ka gamsu da inda kake.

In ka bi duk wannan yana nan yana abin da bai dace ba, riƙe Ctrl da Alt da Shift yayin da kake buɗe shi, zai tambaye ka ko ya share saitinsa ya dawo sabo. Ajiye buroshinka da Actions ɗinka tukuna.

9. Saitin Lightroom Classic

Rabin kukan da ake yi da Lightroom daga rashin haƙurin minti 20 ne. Lokacin shigo da hotuna, sa alama a Build Smart Previews, wato ƙananan kwafin hotuna marasa nauyi, in kuma za ka duba kaifin kowane hoto ka zaɓi 1:1 a Build Previews. Sai ka tashi ka je ka yi salla, ka ci abinci, ka bar shi ya gama. Wanda ya fara gyara alhali sandar nan ta sama tana tafiya, shi da Lightroom ne ke kokawa a kan firosesa ɗaya.

A Edit, Preferences, Performance, ɗaga Camera Raw Cache zuwa giga 20 in akwai fili, ka sa alama a zaɓin da ke cewa a yi gyara da Smart Previews maimakon asalin hotunan. A Catalog Settings cire alamar Automatically write changes into XMP. Danna sunan da ke saman kusurwar hagu ka dakatar da Face Detection, ba ka buƙatar ya tsaya tantance fuskar kowace ƙawar amarya. Katalog ɗin ya zauna a SSD, lokaci-lokaci ka yi File, Optimize Catalog.

Tsarin aiki ma na da tasiri. Fara da haske da launi, ka bar goge ƙuraje da Denoise, mai share ɗige-ɗigen da duhu ke sa wa hoto, zuwa ƙarshe. Denoise kan katin girafik yake dogara, a ƙaramar laftof hoto ɗaya na iya cin mintuna. Zaɓi 'yan hotunan cikin zauren biki da duhu ya ɓata ka yi musu, ba duka 600 ba. In gyaran fata ya yi yawa, kai hoton Photoshop.

10. Zafi

In laftof na gudu minti 10 na farko sannan ta fara tafiyar hawainiya, fanka na kuka, zafi ne. Firosesa in ya doshi digiri 95 zuwa 100 yakan rage gudu don ya tsira. Buɗe HWiNFO ka fitar da hotuna 50 ɗin nan kana kallon lambar, zai ma rubuta maka in an fara rage gudun.

A Kaduna, watan Maris da Afrilu, shago mai rufin kwano da rana tsaka kansa murhu ne. Ƙara da wanda ya ɗora laftof a kan katifa ko darduma ya toshe mata hanci. Sa ta a tebur, ka ɗaga bayanta da murafun gora 2 ko siririn littafi don iska ta ratsa ƙasa, ka juyo mata fanka. Babban aikin fitarwa ka bar shi sai dare ko bayan asuba. Bayan kowane hunturu kuma a busa mata ƙura, ko da sabuwa ce, don ƙurar Disamba da Janairu ba ta san sabo ba. In tana da garanti kada ka bari a kwance ta, a busa ta waje kawai.

11. Wataƙila fayil ɗin ne, ba laftof ba

Hoto mai 6000 da 4000 in ka buɗe shi a Photoshop yana cin wajen mega 72 a 8-bit, 144 a 16-bit, kafin ka ƙara leya ko ɗaya. Kowace cikakkiyar leya da ka kwafa ƙarin kaya ne.

Inda abin ya fi muni shi ne aikin bana, wato babban ƙyallen sanarwa da ake bugawa a rataya. Wani ya taɓa kawo mini laftof mai ƙarfin gaske yana cewa ta lalace. Ina dubawa, banar walima ce mai ƙafa 10 da ƙafa 6 ya buɗe a 300 ppi, wato fiksel 300 a kowane inci. Wannan fiksel 36,000 ne da 21,600, sama da giga 3 a CMYK tun babu komai a kai. PSD, wato fayil ɗin Photoshop, ma ba ya ɗaukar abin da ya wuce fiksel 30,000 ko giga 2. Da muka mayar da ita 72 ppi sai ta dawo ƙasa da mega 200, kuma da aka buga aka rataya babu wanda ya ga bambanci, don ba a kallon bana da hanci a jikinta. 300 na albam ne da katin gayyata. Tambayi mai buga maka abin da injinsa ke so kafin ka buɗe sabon fayil.

12. In duk wannan bai yi ba

Ɗauko takardarka ka kwatanta lambobin farko da na yanzu. In Memory ne har yanzu ke cikewa, koma Task Manager, a ƙarƙashin Memory za ka ga Slots used. In ya ce 1 of 2, akwai gurbi. Ƙara sandar RAM ta biyu mai girma da gudu irin ta farko, DDR4 da DDR4, DDR5 da DDR5, ba sa shiga ramin juna. Sanda biyu sun fi ɗaya sauri ko da jimillar ɗaya ce, musamman ga mai katin Intel ko AMD na ciki, domin da RAM ɗin yake aiki. Sai dai siraran laftof da yawa an like musu RAM a jikin allo, ba a ƙarawa. Nemi lambar samfurinka a shafin kamfanin kafin ka hau Keke zuwa kasuwa, kuma ka tafi da laftof ɗin a gwada a gabanka. In ma'ajiya mai juyawa ce a ciki, canza ta zuwa SSD shi ne kuɗin da ya fi kowane biyan kansa.

In babu kuɗin ko ɗaya a yanzu, ana lallaɓawa: manhaja ɗaya a buɗe, 8-bit, Smart Previews, hotuna 100 a kowane zubi, Restart kowace safiya.

Amma in cajar asali ce, zafi bai kai ba, Windows ya gama sabuntawa, firosesa kuma yana nan a maƙale ƙasa da 1 GHz, ko CrystalDiskInfo ya nuna Caution da ruwan ɗorawa, daina wahalar da kanka. Ɗauki hoton allon da wayarka, haɗa da rasit da takardar awonka, ka mayar wa wanda ya sayar maka tun kwanakin da kuka yi alkawari ba su cika ba. Ka cire hotunan mutane daga ciki kafin ka miƙa ta.